Ruwa Ba Ya Tsami Banza

A wata unguwa cikin birnin Zariya akwai wani tela, magidanci, wanda ya gaji akwatin rediyo daga mahaifinsa. Ba irin ƙananan nan ba ne da ake ratayawa a kafaɗa. Babba ne mai nauyi, ƙirar Japan ta shekarun 1970, fuskarsa ta farin ƙarfe, gefensa na katako, ana jona masa lasifika biyu, ɗaya a dama ɗaya a hagu. In an kunna shi sai fitila ta haska allon tashoshi, a ɗan jima a ji wani abu ya ce ƙas daga ciki, sa'an nan murya ta fito.

Shi telan bai damu da akwatin ƙwarai ba, amma ga mahaifiyarsa ya fi gaban kayan ɗaki. Tsohuwa ce, idonta ya tafi, ba ta fita ko zaure. Shekara da shekaru ita da maigidanta suna sauraron gidan rediyon Kaduna, wanda ya fara aiki a 1962, da Sashen Hausa na BBC, wanda aka buɗe a 1957. Da maigidan ya riga mu gidan gaskiya, akwatin ya zama abokin hirarta. Yatsunta sun san kowane mamurɗi da ke jikinsa, ba ta bukatar a nuna mata.

Ran nan da almuru aka ɗauke wuta, rediyo kuwa yana kunne, ba wanda ya tuna ya kashe. Can bayan lisha wuta ta dawo da ƙarfi, har ƙwan ɗaki ya yi wani haske da ba a saba gani ba. Da asuba tsohuwa ta laluba ta murɗa makunni, shiru. Ta sake murɗawa, shiru. Da tela ya shigo gaisuwa, sai ta ce masa, ba ta kama sunansa ba don ɗan fari ne, "Kai yaron nan, abokin hirata ya yi gum."

Ya ce, "Kada ki damu, Inna, yau zai tashi."

To, a kowace unguwa ba a rasa mutum guda wanda ya san maganin kome. Maƙwabcin tela irinsu ne. Ya zo ya juya akwatin, ya kwance wata 'yar murfi a bayansa, ya zaro wani ɗan bututun gilashi wanda bai kai tsawon gaɓar yatsa biyu ba, cikinsa ya yi baƙi ƙirin. Ya ce, "Fis ne kawai. Samo mini takardar azurfa ta kwalin taba." Ya naɗe fis ɗin da ita, ya mayar, ya ce a kunna.

Aka kunna. Akwati ya yi wani gurnani mai kauri, fitilarsa ta kawo dishi-dishi, murya ba ta fito ba. Kafin a ce haka sai ga warin ƙuna kamar na fenti, ga siririn hayaƙi yana fitowa ta ramukan murfi, labule kuwa yana reto kusa da shi, ga katifar tsohuwa a gefe. Tsohuwa ce ta fara jin warin, ta ce, "Wani abu yana ci!" Tela ya yi wuf ya fizge fulogi daga bango. Maƙwabci ya tuna yana da uzuri a gida.

Kashegari tela ya naɗe akwatin da tsohon zane, ya ɗaure bayan keke, ya nufi Sabon Gari, rumfar wani dattijo da ya tsufa cikin gyaran rediyo. Bayan sun gaisa, dattijo ya sunsuna bayan akwatin, ya zaro fis ɗin da takardarsa, ya ɗaga shi sama ya ce, "Ɗana, wa ya ɗaure maka mai gadi?"

Tela ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, sharrin gaggawa ne."

Dattijo ya ba shi benci, ya ce ya zauna ya gani da idonsa. Ya ce fis ba kome ba ne illa siririyar waya wadda aka auna kaurinta da gangan, don in wuta ta wuce kima ta narke, hanya ta yanke, sauran kaya su tsira. Watau an yi shi ne don ya mutu a madadin waninsa. In an ga wayar ta tsinke kurum gilashi yana nan garau, mai yiwuwa tsufa ne ko ɗan nauyin da ya yi yawa. Amma in gilashi ya yi baƙi haka, wuta mai yawa ce ta bi ta kansa farat ɗaya, lalle akwai ɓarna a ciki. Ruwa ba ya tsami banza. Wanda ya naɗe fis da takardar azurfa ko ya sa waya a madadinsa bai gyara kome ba, ya dai buɗe wa gobara ƙofa.

Daga nan ya ce wa tela ya karanta abin da aka buga a bakin ƙarfen fis ɗin. Tela ya ƙura ido, ya karanta harafin T, da lamba 2, da harafin A. Dattijo ya ce harafin A na nufin amfiya, ma'aunin yawan wutar da ke gudu, watau wannan fis amfiya 2 zai ɗauka. T kuwa alama ce ta mai haƙuri, wanda ba ya narkewa don ɗan yunƙurin da wuta ke yi lokacin kunnawa. In za a sake, sai a sa irinsa daidai, kada a ƙara lamba.

Ya kuma nuna masa wani ɗan mamurɗi a bayan akwatin, kewaye da lambobi 110, 120, 220 da 240. Wannan na zaɓen bolt ne, watau ƙarfin da wuta ke turowa da shi. Wutar gidajen Nijeriya bisa ƙa'ida bolt 230 ce, ta Amurka 120, ta Japan 100. Saboda haka kayan gwanjo da yawa da aka yi don Amurka ke ƙonewa ranar da aka fara jona su a nan, don mai su bai tsaya ya karanta bayansu ba. Na tela yana kan 240, babu laifi ta wannan wajen.

Sa'an nan aka shiga aiki. Yadda dattijon nan ke binciken wuta, sai ka ce mai lambu. In mai ban ruwa ya ga fangali ya bushe, ba ya tone shuka yana neman dalili. Rijiya yake komawa, ya biyo hanyar ruwa taki-taki har ya iske inda ta toshe ko ta ɓalle. Haka dattijo ya ɗauko mitarsa ya fara daga fulogi, don shi ma yana da nasa fis a ciki. Ya auna igiyar wuta, yana lanƙwasa ta kusa da fulogi da kuma inda ta shiga akwati, wuraren da ta fi karyewa a ɓoye. Ya auna makunni. Duk lafiya.

Da ya kwance murfi, bai kai hannu ba tukuna. Ya nuna wa tela waɗansu abubuwa biyu masu kama da gwangwanin madara, ya ce sunansu kafasita, aikinsu tara wuta kamar yadda randa ke tara ruwa. Ko an cire fulogi suna iya riƙe wutar da za ta girgiza mutum ko ta narka bakin sukudireba. Ya zuƙe su ta cikin wani ɗan abu mai rage gudun wuta, ya auna ya ga mita ta faɗi ƙasa, kana ya ci gaba.

Abin da ya fi damunsa shi ne taransifoma, dunƙulen ƙarfen nan mai nauyi da aka naɗe da wayar jan ƙarfe, wanda ke sauko da wutar bango zuwa ƙaramin ƙarfi. Warin da aka ji a ɗakin tsohuwa, shafin da ke jikin wayarsa ne ya fara toyewa. In ya ƙone, samun irinsa da wuya, naɗa sabo kuwa kuɗi ne mai yawa. Dattijo ya raba shi da sauran kayan ciki, ya jawo wani katako da ya kafa wa soket da ƙwan lantarki irin na da, mai zare a ciki, mai wat 100. An haɗa su ta yadda wuta ba ta isa soket sai ta bi ta cikin ƙwan. Ya ce in akwai inda wuta ke zurarewa, ƙwan zai haska sosai ya shanye ta, ba abin da zai ƙone. In kuwa lafiya, zai dushe. Ƙwayayen zamani marasa zare ba su yin wannan aiki.

Ya sa sabon fis, ya jona. Tela ya riƙe numfashi. Zaren ƙwan ko ja bai yi sosai ba. Dattijo ya auna wutar da ke fitowa daga taransifoma, ya gyaɗa kai ya ce, "Ka yi sa'a. Da ka ƙara minti kaɗan, da sai labari."

Gaba da taransifoma akwai waɗansu 'yan abubuwa huɗu baƙaƙe, kowanne kamar ƙwayar wake, ana ce da su dayod. Wutar bango ba ta miƙe hanya ɗaya ba, kai da komowa take yi sau 50 cikin daƙiƙa guda, rediyo kuwa ba ya aiki sai da mai tafiya gaba ɗaya. Dayod su ne masu tsaron ƙofa, su bar ta ta shige, su hana ta komawa. Dattijo ya auna su ɗaya ɗaya, gaba da baya. Uku suka ba da hanya ta fuska guda kamar yadda ya kamata. Na huɗu ya ba da hanya ta kowace fuska, ya zama waya kurum. Ya ce, "Ga ɓarawon." Wutar da ta dawo da ƙarfi ita ta fasa shi, shi kuma ya jawo wa fis ajalinsa.

Tela ya yi murna, ya zaci an gama. Amma dattijo ya ce ba a sakin ɓarawo ba a tambayi abokan tafiyarsa ba. Ya duba kafasitan nan biyu, ya ga ɗaya ta kumbura, gindinta ya yi ɓawon wani abu da ya tsiyaye ya bushe. Ya ce akwai danshi a cikinsu wanda zafi da shekaru ke busarwa, alamar haka ita ce gurnani a lasifika ko da ba a ƙara murya ba. Tela ya tuna lalle tsohuwa ta daɗe tana cewa akwatin yana mura. Aka auna manyan taransistocin da ke tura murya zuwa lasifika, aka tarar ba abin da ya taɓa su.

Dattijo ya sake dayod duka huɗu, don waɗanda suka sha wuya tare ba a amince wa saura. Ya sake kafasita biyun da masu lamba daidai da tasu, yana lura da ƙafar da ke da alamar ƙari da mai alamar ragi, domin in an juya su fashewa suke yi. Ya like kome da dalma, ya share ƙurar shekaru da buroshi, ya sake jonawa ta katakon nan. Ƙwan ya haska wal, kamar randa tana cika, sa'an nan ya dushe sannu sannu. Fitilar allo ta kama. Aka ɗan jima, sai abin nan ya ce ƙas. Dattijo ya ce wannan wani mai gadi ne kuma, wanda ba ya sakar wa lasifika hanya sai ya tabbata wutar ciki ta daidaita. Sai ga murya ta cika rumfa.

Kafin tela ya tafi, dattijo ya raba masa aiki biyu. Ya ce abin da ke waje na mai akwati ne: ya gwada soket da wata fitila, ya duba fulogi da igiya, ya karanta lambar bolt, ya sake fis sau ɗaya da irinsa bayan ya cire fulogi. In sabon ya ƙone, ya tsaya nan, kada ya sa na uku. Abin da ke ƙarƙashin murfi kuwa na mai sana'a ne. Ya ce kuma in an ɗauke wuta a kashe akwati a cire fulogi, sai ta dawo ta natsu, kada kuma a ɗora zane bisa ramukan da yake shan iska.

Da la'asar tela ya mayar da akwatin bisa teburinsa, ya janye shi daga labule. Ya kama hannun mahaifiyarsa zai kai mata kan makunni, ta janye ta ce ta san hanya. Ta murɗa, ta karkata kai tana jira, har abin ya ce ƙas. Ta saurara jim kaɗan, ta ce, "Har murar ma ta sake shi. Allah ya yi maka albarka."

Tela ya ce amin. Ya ciro tsohon fis ɗin nan mai baƙin ciki daga aljihu, ya jefa shi cikin akwatin keken ɗinkinsa tare da allurai. Yana nan har yanzu, kuma duk wanda ya zo masa da zancen takardar kwalin taba, shi yake fito masa da shi.