Daga Kan Dala Zuwa Ƙofar Mata, da Ƙafa da Kyamara

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Mun daɗe muna rubuta wannan karin magana a kan allo yara suna kwafa, amma ba mu san nauyinta ba sai ran da wata yarinya 'yar aji huɗu ta ɗaga hannu, ta ce, "Malam, mene ne mazari?" Kalmar ta fito ne cikin littafin da muke karantawa. Muka ce wani siririn tsinke ne mai dunƙulen yumɓu a gindi, wanda mata ke murzawa su mai da auduga zare. Muka zana shi da alli. Yara suka zura mana ido, babu wanda ya taɓa ganinsa. Wani ma ya ce ko katantanwa ce irin wadda suke wasa da ita. Aji ya fashe da dariya, mu kuwa abin bai ba mu dariya ba.

Dalili kuwa shi ne, a gaban mazari muka tashi. Kakarmu, Allah Ya jiƙanta, ba ta wuni ba ta yi kaɗi ba. Kullum da hantsi tana bakin ƙofar ɗakinta bisa tabarma, ga taskirar auduga a gefe, tana murzawa tana ba mu labari. Da muka koma gida ran nan sai muka buɗe wayarmu, muka bi hotunan da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Ga mu wurin ɗaurin aure, ga mu ranar Salla, ga mu ran da muka gama kwalejin horon malamai. Amma hoton tsohuwar nan da mazarinta babu ko ɗaya, alhali ta rayu shekaru bayan waya mai kyamara ta zo hannunmu. Ba hana mu ta yi ba, mu ne ba mu ga abin ɗauka ba, domin kullum muna ganinsa. Yanzu ba ita, ba mazarin, ɗakin ma an rushe an yi na bulo.

Ba mu da uzuri irin na mutanen da. A 1839 aka bayyana hikimar ɗaukar hoto a Faransa, sa'an nan kuwa aiki ne na masu kuɗi da gwanaye. A 1888 wani mutumin Amurka, George Eastman, ya fito da ƙaramin akwati mai suna Kodak, wanda ke ɗaukar hoto 100 kafin a mai da shi masana'anta a wanke. A 1900 ya fito da Brownie, kuɗinsa dalar Amurka ɗaya, har yara suka samu. Yau kuwa kusan kowane aljihu da kyamara a ciki, ba sayen fim, ba jira. Sai dai abin ya yi arha har mun daina tunani kafin mu danna.

To, da babban hutun damina ya zo, sai muka sayi wata tsohuwar kyamara ta hannu, muka yi shawara da abokan aikinmu biyu mu zaga birnin Kano da ƙafa. Mun zaɓi damina ne domin in an yi ruwa da dare gari kan waye garau, ido ya kai nesa, ba kamar lokacin hunturu ba da hazo ke rufe kome. Bayan sallar asuba muka ɗauki gorar ruwa da gurasa da ɗan dabino, muka nufi Dala.

Matakala 101 ce daga gindin dutsen zuwa samansa, kafin mu kai kuwa wanda ya fi mu cika baki shi ya fara neman wurin zama. A nan ne, bisa ga tarihin Kano, Barbushe yake hawa wurin Tsumburbura tun kafin zuwan Bagauda. A nan kuma wani Bajamushe matafiyi, Heinrich Barth, wanda ke kiran kansa Abdulkarim, ya hau a 1851, ya zana birnin yadda ya hango shi. Cikin zanen nasa akwai soraye na ƙasa da bukkoki da itatuwan dabino, ya kuma rubuta cewa akwai fili mai yawa da gonaki a cikin ganuwa. Mu kuwa abin da muka hango shi ne rufin kwano iyakar ganin ido, da hasumiyoyin masallatai, da dogayen ƙarafan wayar salula. Ba don baƙon nan ya zauna ya zana ba, da me za mu gwada mu san yawan abin da ya sāke? Shi da fensir ya yi mana wannan alheri, mu ga mu da kyamara ba mu yi wa jikokinmu kome ba.

Muka sauko, muka ratsa lunguna zuwa Goron Dutse, daga can muka faɗa Ƙofar Kabuga, muka bi gindin badala. Tarihi ya ce Sarki Gijimasu ne ya fara gina ganuwar nan wajen farkon ƙarni na 12. Wani wuri tana nan da tsawonta, wani wuri ruwa da masu ɗiban ƙasa sun cinye ta har akuya na tsallakewa. Sau nawa muka wuce ta nan cikin mota ba mu lura ba? Ashe mai ƙafa shi ke ganin gari. Mun ga dutsen niƙa an kife shi a bakin kwata ana takawa. Mun ga wani magini yana gyaran zankon soro da hannu. Mun ga jakuna ɗauke da mangalar ƙasa, a-daidaita-sahu na yi musu oda. Duk muka ɗauka. Sai ɗayanmu ya tuna mana cewa ko acaɓa, wanda aka hana shi ɗaukar fasinja a Kano a 2013, 'yan ajinmu ba su san zamaninsa ba, balle dalar gyaɗa wadda mu kanmu a hoto kaɗai muka san ta.

La'asar sakaliya muka isa marinar Ƙofar Mata, wadda aka ce tun 1498 ake rini a cikinta. Muka tarar da wani dattijo yana tsoma zane cikin baba, yana ɗagawa ya sha iska, domin iskar ce ke mai da launin ya zama shuɗi. Muka durƙusa muka ce, "Baba, sannu da aiki. Ko ka yarda mu ɗauki hotonka?" Ya dube mu, ya ce, "Malam, me za ka yi da fuskar tsoho? Ɗauki hannun, shi ya yi aikin." Ya miƙo hannuwa, shuɗi ya kama su har gwiwa. Ya nuna mana ramukan da babu mai aiki a cikinsu yanzu. Duk cikin hotunan ran nan babu wanda ya kai na hannuwan nan.

Kada mai karatu ya zaci kuka muke yi da zamani. Zamani riga ne. Injin niƙa ya hutar da iyayenmu mata, famfo ya fi guga sauƙi, ba kuwa mai son 'yarsa ta wuni tana kaɗi maimakon zuwa makaranta. Abin da muke gudu shi ne abu ya wuce bai bar ko alama ba.

Saboda haka ga 'yar shawara ga 'yan'uwanmu malamai. Ku fita da sassafe ko da yamma, rana tana bayanku, domin hasken tsakar rana yakan baƙanta fuska. Ku yi sallama ku nemi izini, wanda ya ƙi ku ƙyale shi, musamman mata. Ku fara da abin da kuka fi rainawa a cikin gidanku. Sa'an nan ku wanke mafi kyau a takarda, ku rubuta wuri da kwanan wata a baya, don waya takan ɓace da dukan abin da ke cikinta.

Da aka koma makaranta muka manna hotuna goma sha biyu a bangon aji. Yarinyar nan ta daɗe tsaye gaban hannuwan marini, kāna ta ce, "Malam, na tambayi Innarmu, ta ce yayar kakarmu a ƙauye har yanzu tana kaɗi." Mun riga mun aika a nemar mana izini wurin tsohuwar, in hutu ya zo can za mu dosa da ƙafa daga bakin titi. Allah Ya sa mu same ta lafiya, amin.