Motar Baba, kashi takwas

1/ Jiya na ɗora hoton motar nan, kafin magariba saƙonni sun cika min waya. "Nawa za ka sayar?" "Wace irin Fijo ce mai ƙofa biyu?" Wani ma ya rantse a Panteka aka ƙera ta. To ku gyara zama, zaren da tsawo. Ba ta sayarwa ba ce, kuma har yau ba ta gama zama tawa ba. 🧵

2/ Peugeot 504 ce, amma Coupé, ƙirar 1973. Sa'ar Naira ke nan, shekara ɗaya suka fito. Kun san 504 ɗin da ta yi tasi, ta yi lodin Kaduna zuwa Kano, ta yi motar gwamnati? Wannan ƙanwarta ce 'yar gayu. Ƙofa biyu, ta fi ta gajarta, ta fi ta kwanciya a ƙasa.

3/ Kamfanin Pininfarina na Italiya ne ya zana ta, wanda ya zana wa Ferrari motoci masu yawa. A Turin ake haɗa jikin, a Faransa a saka injin. An fara nuna ta a Geneva a 1969, aka daina ƙera ta a 1983. PAN da ke Kakuri sun haɗa 504 shekara da shekaru, amma ban da wannan samfurin. Ku riƙe wannan, nan gaba shi zai sha ni.

4/ Masu cewa ai ba motar tsere ba ce: a 1978 Jean-Pierre Nicolas ya lashe gasar Safari ta Kenya da 504 Coupé mai injin V6. Tamu dai mai silinda huɗu ce, lita biyu. Ba ta taɓa cin gasa ba, fetur take ci da albashina.

5/ Baba ya saye ta a 1979 a hannun wani Bafaranshe da ya gama aiki a Kaduna zai koma gida. Lokacin Baba ko aure bai yi ba. Kakanmu ya zagaya ta sau ɗaya ya ce: "Ƙofa biyu? Iyalin a but za ka riƙa zuba su?"

6/ Iyalin kuwa sun zo, mu biyar. Maza biyu, mata uku. Ranar Sallah sai a kwantar da kujerar gaba mu dinga shiga ɗaya bayan ɗaya kamar ana cusa kaya a buhu. Auta a cinyar Umma. Baba ya cire hula ya ɗora a gaban gilashi don rufin yana tokare ta.

7/ Abin da ban manta ba shi ne ƙamshin cikinta: turaren Baba, fetur, da kujerar da rana ta gasa. Da kuma yadda yake yin shiru in mun hau hanyar Zariya ya saka giya ta huɗu. Mutumin da bai gajiya da faɗa, a nan kaɗai yake yin shiru yana murmushi.

8/ A 2004 ta ƙona gasket, ruwa ya haɗu da baƙin mai. Baba ya sa aka ɗora ta kan bulo a gindin darbejiya aka rufa mata tamfol. "Ana biyan giratuti zan tashe ta." Giratuti ya zo, kuɗin makaranta ya cinye. Tamfol uku ta kashe a wurin.

9/ Kaji sun yi ƙwai a ƙarƙashinta, mage ta haihu a kujerar baya. 'Yan gwangwan kuwa ba su fasa sallama ba: "Alhaji, a sayar mana da ƙarfen nan mana." Kalmar "ƙarfe" ɗin ce take tunzura shi. Har bakin ƙofa yake raka su da faɗa.

10/ Baba ya rasu a 2019, Allah Ya jiƙansa Ya yi masa rahama. Bayan Umma ta fita takaba aka kira malami aka zauna rabon gado. Lissafinmu ya zo da sauƙi: Umma tumuni, wato kashi ɗaya cikin takwas. Saura bakwai, maza biyu-biyu, mata ɗai-ɗai. Komai kashi takwas cif.

11/ An raba gida, an raba gona, an raba abin da ke banki. Da aka zo kan mota Yaya ya ce a kira 'yan gwangwan su auna. Ni kuma na ce don Allah a bar ta, zan gyara ta zama ta kowa. Malam ya ɗago ya kalle ni ya ce: "Abin kowa ba ya daɗewa bai zama rigima ba, amma idan duk kun yarda, shi ke nan." Aka yi shiru. Na ɗauki shirun a matsayin yarda.

12/ Makanikai uku suka duba suka gudu. Na huɗu wani dattijo ne da ya yi aikin haɗa Fijo tun yana saurayi, kowa Oga yake ce masa. Ya ɗaga bonet ya daɗe yana kallo, sannan ya ce: "Ɗana, injin nan ɗan gida ne, na san shi kamar yunwar cikina. Jikin ne baƙo."

13/ Gaskiya ya faɗa. Injin kusan ɗaya ne da na 504 ɗin da muka sani. Fistin, ringi, silib, gasket, famfon ruwa, duk mun samu tsakanin Panteka da Ƙofar Ruwa a Kano. Wasu ma sababbi a kwali, ƙura kawai ta rufe su, mai shagon ya manta yana da su.

14/ Amma kafin nan sai da injin ya yarda ya juya. Shekara 15 a tsaye, fistin ya kama jikin silib. Oga ya cire fulogi huɗun ya zuba mai a kowane rami ya ce mu tafi. Duk sati sai ya zo ya ƙara, ya sa sifana ya ɗan taɓa. Na ce a buga mana da guduma. Ya ce: "Kai ma in ka yi barcin shekara 15 da mari za a tashe ka?" A sati na biyar ya motsa.

15/ Tankin mai cike da tsatsa, sai da aka sauke aka wanke. Ɓeraye sun cinye wayoyi, mai rewaya ya yi wata guda yana bin su ɗaya-ɗaya. Birki duk ƙafa huɗu faifai ne, duk huɗun sun cije. Ruwan sama ya bi ta robar gilashi ya cinye ƙasan wajen direba, kana zaune kana hango ƙasa. Mai walda ya yanka ya dasa sabon faranti.

16/ Wata rana ina neman takardun motar a sito na ci karo da kwali, an naɗe wani ƙarfe mai bututu huɗu da tsohuwar jaridar New Nigerian. Oga na gani ya yi dariya. Ashe asalin motar ba kafireta gare ta ba, famfon feshin mai ne na Kugelfischer, mai aiki ba kwamfuta ba komai.

17/ Baba ne ya sa aka cire tun kafin a haife ni, don ya gaji da neman mai iya saita shi, aka ɗora kafireta irin ta kowa. Masu tara tsofaffin motoci za su ce an ɓata ta. Na yi kwanaki ina kai-kawo. Na mayar da ita yadda Faransawa suka yi ta, ko yadda Baba ya tuƙa ta?

18/ Na bar kafiretar. Wani ɓangaren saboda Baba, wani ɓangaren kuma, kar in yi muku ƙarya, saboda aljihu. Famfon yana nan cikin jaridarsa.

19/ Jikin ne ya fitar min da ido. Fitilun gaba huɗu, na baya masu sanda uku-uku a karkace, gilashi, robobin ƙofa, babu ɗaya da na 504 ɗin gida yake shiga. Sai dai a intanet, a hannun wasu tsofaffi a Faransa, kuma da Yuro. Ina tara kuɗin fitila ɗaya aka saki Naira a Yunin 2023. Na wayi gari abin da na tara bai kai ko kusa ba.

20/ Ga shi ranar 29 ga Mayu an cire tallafin mai. Ka duba lokacin da mutum ya zaɓa ya tashi mota mai kafireta. Abokaina har yau ba su daina tsokanata ba.

21/ Ranar da ta tashi ina gefe riƙe da jarka. Kik na farko, shiru. Na biyu, tari. Na uku ta kama, hayaƙi ya turnuƙe gidan, kaji suka watse. Na juya na ga Umma a ƙofar kicin da ludayi a hannu. Ba ta ce komai ba, ta koma ciki. Daga baya Auta ta ce min ta same ta tana kuka, wai ta zaci sallamarsa za ta ji.

22/ Daga nan na zama ɗan gayu. Juma'a ni da ita, ɗaurin aure ni da ita. Na ɗora bidiyo, ya zagaya. Sai wani mai tara irin waɗannan motoci ya kira daga Legas ya taya. Kuɗin da ya ambata sai da na ce ya maimaita. Na ƙi, na kuma zo gida ina ba da labari da alfahari, a gaban kowa.

23/ Ban lura da fuskar Auta ba. Lokacin mijinta ya fi wata shida ba aiki, ga goyo, ga haya ta kusa ƙarewa. Na sani fa. Kawai ban taɓa haɗa wannan da mota a raina ba.

24/ Da dare Umma ta kira ni ɗakinta. Ta ce: "Kai da ka ƙi tayin nan, da bakin wa ka ƙi?" Na ce Umma ai motar Baba ce. Ta ce: "Babanku ba shi da mota. Ranar da aka kai shi ta zama ta mutum shida. Kai kake hawa, kai ake yabo, ƙanwarka tana da kashi ɗaya a ciki tana neman kuɗin haya."

25/ Na fara kawo lissafin abin da na kashe. Ta bari na gama, sannan ta ce: "Wa ya aike ka? Shirun da suka yi ranar rabo kunyarka suka ji." Wallahi ban yi barci ba ranar. Shekara huɗu ina ganin ni ne ɗan da ya fi riƙe amanar Baba, ashe haƙƙin 'yan'uwana nake zagaye gari da shi.

26/ Muka sake zama, da malamin nan dai. Bai ce "ai na faɗa muku" ba, Allah Ya saka masa. Abin da muka daidaita a kai: a ɗauki tayin mutumin Legas a matsayin farashi, a cire abin da na kashe wanda nake da rasit, sauran a kasa takwas.

27/ A nan na gane amfanin rasit. Oga bai taɓa ba ni takarda ba, ni ma ban taɓa tambaya ba. Kusan rabin abin da na kashe ya bi iska. Ku masu gyaran wani abu na gida, mota ce ko ɗaki ko shago, ku rubuta. Ko a littafin 'yan makaranta ne.

28/ Yaya ya ce kashinsa biyu kuɗi yake so, a hannu. Na ji haushi a lokacin, har na kwana biyu ba na ɗaga wayarsa. Amma haƙƙinsa ne, kuma shi tun ranar farko bai ɓoye ra'ayinsa ba. Ya fi ni gaskiya a lamarin.

29/ Umma ta bar min nata kyauta, da sharaɗin ni zan riƙa kai ta asibiti ganin likita, kuma a cikinta. Anti ta karɓi kuɗi. Auta ta ce: "Yaya, ka bar shi kawai." Na ce a'a, wannan kunyar ce ta kawo mu nan. Muka yi za a ba ta rabi nan take, saura duk wata.

30/ Mai bi na ce ta ba kowa mamaki. Ta ce ita ba ta sayar da nata, tumuninta yana nan, kuma tunda tana da rabo sai na koya mata tuƙi da ita, a kuma yanka mata makulli. An rubuta, shaidu sun sa hannu. Shi ya sa na ce muku ba ta gama zama tawa ba. Bakwai nawa, ɗaya nata.

31/ Kuɗin biyan? Corolla ɗin da nake zuwa aiki da ita na sayar, na haɗa da adashi. Yanzu Keke nake hawa zuwa ofis, motar da mutane ke tsayawa ɗaukar hoto da ita tana gida a rufe. Ranar Asabar kaɗai take fita, sai ranar asibitin Umma.

32/ Asabar ɗin da ta wuce mai tumuni ta tuƙa mu daga gida har Kawo. Sau uku motar tana mutuwa a hannunta, sau ɗaya ta kankare giya har sai da na dafe ƙirji. Na buɗe baki zan yi faɗa ta ce: "Kashina na kankare." Oga yana baya ya yi dariya har da tari.

33/ Saura wata uku in gama biyan Auta, in sha Allah. Bayan nan sai fitilar baya ta hagu, wadda yanzu jan roba muka yanka muka liƙa. Mai sanda uku a karkace, ta kafin 1974. Duk wanda ya san inda wata take kwance, a Kano, Jos, Maraɗi ko Yamai, ko a bayan gidan kakansa ne, ya yi min magana ta saƙo. Wannan karon da rasit zan saya.