Daren da na kusa yi wa yaro allurar wani

Ƙarshen Satumba ne, ruwa ya fara ja da baya amma sauro bai ja ba. Wanda ya taɓa aiki a CSI ta karkara cikin jihar Maradi ya san wannan lokaci. Daga Agusta har Oktoba gado ba ya isa, tabarma ma ba ta isa. Uwaye na zuwa da yara a goye, wasu cikin amalanke, wasu bisa kabu-kabu, jiki zafi rau, ido ya yi fari. A takarda mu uku ne ma'aikata. A zahiri mu biyu ne, don ɗayan an kira shi horo a distrik, sai wata tsohuwar matoron da ta girme mu duka, wadda muke ce wa Inna.

Na kama aiki ranar Talata da safe. Daren Laraba ina nan ban je gida ba. Abin da ya shiga cikina bai wuce ƙosai biyar da shayi da ɓarin goro ba.

Akwai yara biyu kwance gefe da gefe, kuma sunansu ɗaya, kamar yadda aka saba a ƙauyukanmu. Dukansu zazzaɓin cizon sauro ne mai tsanani. Ka'ida ita ce mu yi musu allurar farko mu tura su babbar likita, to ruwa ya yanke hanya, ambilans ba ta iya zuwa, dole muka riƙe su. Allurar artesunate da nauyin yaro ake auna ta: wanda bai kai kilo 20 ba, miligiram 3 a kowane kilo, a yi yanzu, a sake bayan awa 12, a sake a awa 24. Ɗaya kilo 7 ne, ɗaya kilo 19. Wajen ƙarfe uku na dare na haɗa ta babban, na ɗauki cocila, na durƙusa gaban ƙaramin. Har na kama hannunsa. Sai na ji an riƙe mini wuyan hannu.

"Ɗiyata, wannan ƙaramin ne."

Don kar in ƙara wa labari gishiri: artesunate magani ne mai sauƙin kai, wataƙila da ƙaramin ya tsira ko da na yi masa. Wanda ke hana ni barci shi ne babban, da zai samu kusan kashi ɗaya cikin uku na abin da yake bukata, yana tsakanin rai da mutuwa. In da kinin ce ko diazepam a sirinjin, da ba wannan rubutun nake yi ba.

Abin da na fi jin kunyar faɗa shi ne, farkon abin da ya taso mini haushi ne, tsoro sai daga baya. Na ji haushin tsohuwar da ba ta yi lakwal ba ta gyara mini aiki gaban uwayen yara. Na fizge hannuna. Ita kuwa ba ta ce uffan ba, ta ɗauki butarta ta fita. Sai da asuba, ina wanke hannu, jikina ya kama rawa.

Da na zauna na duba baya, na ga abin ya daɗe yana tafe. Cikin satin nan na daka wa wata uwa tsawa don ta kawo ɗanta bayan kwana huɗu yana zazzaɓi. "Sai yanzu?" na ce mata, gaban mutane. Alhali na san amsar: maigida ba ya nan, ba ta fita sai da izini, kuɗin moto sai da aka sayar da kaza. Shekara goma sha ɗaya ina jin wannan amsar. Da can takan sa ni tausayi. A wannan damina ta daina taɓa ni sam, yara sun koma mini lambobi cikin rajista.

A gida Malam ne ya fasa ƙwan. Maigidana mushen lakwal ne, mutum ne marar yawan magana. Ranar Juma'a da dare, bayan yara sun kwanta, ya ce, "Kin lura in sun ji ƙarar motonki suna shigewa ɗaki?" Na yi shiru. Ya ce shi ya gane alamar don ta taɓa kama shi, shekarar da aka ba shi aji mai yara fiye da tamanin cikin rumfar kara, har ya wayi gari yana riƙe da bulala yana neman wanda zai yi motsi. Ya ce ranar da ya ga yaro ya kare kansa da hannu don kawai ya miƙa masa alli, ranar ya san shi ne marar lafiya, ba yaran ba.

Wannan abu yana da suna. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta fayyace shi cikin kundinta na ICD-11, abin da littattafanmu na Faransanci ke kira épuisement professionnel. Ba ta lissafa shi cikin cututtuka ba, ta ce lamari ne da ke fitowa daga matsin aiki da ya daɗe ba a magance shi ba. Alamu uku ta ba shi: ƙarfi ya ƙare, zuciya ta yi nesa da aikin ko ta tsane shi, aikin kuma ya daina kyau a hannun mutum. Na karanta na ga kamar ni aka zauna aka kwatanta. Game da barci kuwa, wani bincike da aka yi a Ostareliya a 1997 ya nuna wanda ya yi awa 17 ido biyu, saurin hannunsa da lurarsa na raguwa kamar na wanda ya sha giya. Ni a daren nan na haura awa arba'in, in ban da gyangyaɗi bisa kujera. Da wani ya zo aiki a buge da mun kore shi. Ni kuwa yaba mini ake, ana cewa Madam akwai juriya.

Ba wani babban abu na yi ba daga baya. Na fara da neman gafarar Inna, na kai mata goro da sabulu. Ta ce, "Ɗiyata, rijiya ma in an yi ta ja ba hutu laka take bayarwa." Daga nan muka shirya da abokin aikina: daren gardi a lokacin zazzaɓi, kowa zai kwanta awa huɗu a ɗakin magani, a rufe ƙofa, ba a tashe shi sai haihuwa mai wuya ko yaro mai jijjiga. Kowane yaro da aka kwantar muna manna masa filasta a hannu, da sunansa da na garinsu da kilonsa. Kafin allura a karanta da ƙarfi, uwa ta amsa. Yana cin daƙiƙa goma.

Na koma zuwa aiki da hura cikin kula da gorar ruwa, ina sha kafin in buɗe ƙofa, don na gane in na ce sai layi ya ragu, layin ba ya raguwa. Na sa aka auna mini tansiyo. Ni da nake auna na mutane kullum, na shekara biyu ban auna nawa ba. Ya nuna 16 da 10. Aka sake aunawa wasu ranaku, bai sauka ba. Yanzu ina shan magani kamar kowa, kuma wani likita ne ya rubuta mini, ba ni ba.

Wannan na ƙarshe da gangan na faɗe shi. Makullin kabad ɗin magani a hannunmu yake. Akwai darare da na haɗiyi diazepam don in samu barci, ina ce wa kaina ai na san awonsa. Na san wasu da suka fara da tramadol don ciwon baya da tsayuwar dare, abin ya zame musu ƙarfen ƙafa. Muna yi wa samarin fada wa'azi a kan ƙwaya, mu kuwa ba mai tambayarmu. Na bari ne ranar da na faɗa wa Malam da bakina.

Mafi wuya duka shi ne gida. Ma'aikaciyar lafiya ba ta tashi daga aiki. Ka dawo ka tarar da maƙwabciya zaune da ordonans, ɗan ƙanen miji da ƙurji, waya na ƙara daga ƙauye ana son sunan magani. In ka ce a'a, an ce boko ya sa ka girman kai. Na ce daga sallar isha'i ba na duba kowa a gida sai abin gaggawa, sauran su same ni a likita da safe. Uwar mijina ta yi wata guda tana amsa gaisuwata da ƙyar. Malam ne ya tsaya mini, shi ke fita ƙofa ya ba da haƙuri. Har yau akwai waɗanda ba su huce ba, kuma har yau nakan karya dokar da kaina, don akwai fuskar da ba a iya mayarwa.

In yaro ya rasu a hannunmu, da can sai in wanke hannu in kira na gaba. Yanzu idan aiki ya lafa mukan zauna da Inna bayan ɗakin haihuwa, mu yi maganarsa ko minti biyar ne, abin da muka yi, abin da ya fi ƙarfinmu. Wani lokaci ba ma cewa komai.

Ba na so wani ya ɗauki wannan rubutu ya ce wa ma'aikaci ya sha hura ya yi haƙuri. Hura ba ta zama ma'aikaci na uku. Tun 2006 da aka ce a duba yara ƴan ƙasa da shekara biyar kyauta, uwaye sun ƙara zuwa, kuma alheri ne babba, na ga yaran da ya ceta. Amma a inda na yi aiki hannuwan da ke karɓarsu ba su ƙaru daidai da su ba, kuma wannan ba abin da mutum ɗaya zai gyara da barcin awa huɗu ba ne.

Ku uwaye, akwai abin da ke hannunku. Yaro in ya yi zazzaɓi a kawo shi ranar farko, da rana, gwaji ɗaya da ƙwayoyin kwana uku sun wadatar, maimakon daren kwana na huɗu da sirom da neman jini. Maganin rigakafin da ake rabawa gida-gida da damina a cika shi kwana ukun, kar a ba da na farko a ajiye sauran bisa rumbu. Wanda kuma ɗiyarsa ke karatun lafiya a Zinder ko Yamai, ko ta fara aiki, in ta kira waya a tambaye ta ko ta ci abinci kafin a karanto mata ciwon dangi.

Satin da ya wuce aka turo mana wata sitajiya, yarinya mai ƙoƙari. Na tarar da ita ƙarfe biyu na dare tana neman jijiyar wani jariri, ta soka sau biyu ba ta samu ba, hannunta na rawa. Na tambaye ta yaushe rabonta da barci. Ta ce lafiya lau take, Madam. Na ce ba abin da na tambaya ba ke nan. Ta sunkuyar da kai, ta ce tun jiya da asuba. Na karɓi allurar, na nuna mata ƙofar ɗakin magani. Ta tsaya tana murza yatsu, kunya ta hana ta tafiya, sai da Inna ta taso ta ja ta da hannu, ta shimfiɗa mata tabarma, ta jawo ƙofar.