Zoɓo Mai Zafi Daga Kasuwar Tarauni

Zuwa ga Edita,

Ina roƙo ka ba ni ɗan fili a jaridarka mai farin jini in ba 'yan'uwa labarin wata 'yar tafiya da na yi a ƙasa, daga Gyadi-Gyadi zuwa Tarauni, da abin da na samo.

Tun ina makarantar Mishan na karanta cewa in watan Disamba ya kama, sanyi ya tsananta, Jamusawa sukan kafa kasuwanni na musamman domin Kirsimeti. Ta birnin Dresden tun 1434 ta ke ci. A can a kan sayar da wani abin sha, Gluhwein, watau giyar jan inabi da a ke ɗumamawa da kirfa da kanumfari da ɓawon lemo da sukari. Ba su bari ta tafasa, don in ta tafasa ƙarfinta ya kan bi tururi. Yara kuwa, da waɗanda ba su shan giya, a kan dafa musu nasu dabam da ruwan 'ya'yan itace, sau da yawa har da zoɓo a ciki. Jama'a, zoɓon nan namu da a ke lodi a kasuwar Dawanau a kai Jamus da Meksiko!

To, Kano ta kafa Shari'a tun 2000, giya ba abin sayarwa ba ce a unguwarmu. Maƙwabtana da za su zo mini barka da Kirsimeti kuwa Musulmi ne, su ne su ke aiko mini da naman layya kowace shekara. Abin kunya ne mutum ya tako gidanka cikin sanyi ka rasa abin da za ka miƙa masa. Sai na ce abin nema ya samu, matar falke ta haifi jaki.

Ran Asabar da sassafe na fito. Hazon hunturu ya rufe hanyar Zariya, a-daidaita-sahu sai ya matso kana ka gan shi. A bakin Asibitin Malam Aminu Kano, wanda aka kafa a 1988, masu jinya sun kewaye teburan masu shayi, kowa ya ƙudundune ya riƙe kofi hannu biyu. Almajirai sun hura wuta a gindin katanga suna jin ɗumi. A da unguwannin nan gonaki ne a bayan ganuwa, yau kuwa gida ya haɗe da gida, ba ka sanin inda Gyadi-Gyadi ta ƙare Tarauni ta soma.

Na isa kasuwa masu kayan yaji ba su daɗe da shimfiɗa ba. Kowane ƙulli da ƙasarsa: citta daga Kaciya a kudancin Kaduna, mazarƙwaila daga masu rake na Maƙarfi, zoɓo daga Jigawa, kanumfari kuwa shi ne abin da tsibirin Zanzibar ya yi suna da shi. Na yi ciniki na komo gida.

Ga yadda na yi. Na wanke zoɓo gwangwani 2 da ruwan sanyi har yashi ya fita. Na zuba a ruwa lita 4, da citta saiwa 3 dakakkiya, da kanumfari ƙwaya 10, da kirfa sanda 1, ya tafasa minti 20. Ɓawon lemon zaƙi sai da na sauke na jefa, don in ya daɗe a wuta ya kan kawo ɗaci. Sa'an nan na tace, na sa mazarƙwaila, aka sha da zafinsa. Wani dattijo maƙwabcina, wanda bai taɓa shan zoɓo ba sai da ƙanƙara, sau uku ya miƙo kofi.

Amma ga gargaɗi. A watan Maris na 2021 mutane da yawa suka kwanta asibiti a Kano, waɗansu suka riga mu gidan gaskiya, saboda abin sha da aka haɗa da garin ɗantsami na jabu. Zoɓo da tsaminsa Allah ya halitta shi, bai bukaci garin da ba a san asalinsa ba. Kuma ya kan saukar da hawan jini, saboda haka mai shan maganin hawan jini da mace mai ciki su tambayi likita tukuna.

Ina roƙon masu karatu na Katsina da Sakkwato su rubuto su gaya mana abin da su ke ba baƙo da hunturu. Allah ya ba mu zama lafiya da maƙwabtanmu, amin.

Haza wasalam.

Naku,
Wani Akawu,
Gyadi-Gyadi, Kano.