Hoton Mama a Facebook ba ya sayen magani

Tun jiya raina yake a ɓace, na yi ta dannewa na kasa. Kun san mu 'yan Zumuntar Mata mukan zaga gidajen tsofaffi da marasa lafiya. To mun shiga wurin wata gwauruwa, ba zan kama suna ba. Ƙafafunta sun kumbura, ko silifa ba ya shiga. Kwalin maganin hawan jini yana kan taga, babu ko ƙwaya, ta ce ya ƙare tun kafin Ista. Littafi Mai Tsarkinta na ƙarƙashin matashi, bango ya rabu ta ɗaure shi da ƙyallen atamfa, amma ta daina karantawa saboda yanar ido ta rufe mata gani.

Ɗanta kuwa shi ne ya miƙe a gidauniyar ginin majami'a ya yi alkawarin kuɗin da mata suka yi ta guɗa. Ranar iyaye mata ma ya sa hotonta a Facebook da dogon kirari. Matar da ko waya ba ta da ita, wa zai nuna mata?

Na san za a ce ina hana mutane ba da baiko. Allah ya kiyaye. Ni ma ina fitar da zakkata. Amma ku buɗe Markus 7 daga aya ta 9, ku ga yadda Yesu da kansa ya tsawata wa Farisiyawa kan wannan hali, mutum ya keɓe wa Allah abin da ya kamata ya tallafi iyayensa da shi, ya wanke hannu. Bulus kuma a 1 Timoti 5 ya ɗora kula da gwauruwa a wuyan 'ya'yanta da jikokinta tun kafin ikilisiya. Ubangiji yana kan gicciye, jini na zuba, bai manta da wanda zai riƙe Maryamu ba, sai da ya danƙa ta ga almajirinsa. Kai wane nauyi ne ya fi wannan?

Iyayenmu mata su suka goya mu zuwa makarantar Lahadi, suka sayar da gyaɗa da ƙosai aka biya kuɗin makaranta, suka tashi addu'ar asuba suna kiran sunayenmu ɗaya bayan ɗaya. Bangaskiyar Timoti ma daga kakarsa da uwarsa ta faro. Iyaye matan Chibok tun 2014 wasunsu ba su daina jiran 'ya'yansu ba.

Ni ba likita ba ce, amma na yi jinyar Mama, Allah ya ji ƙanta, kun shaida. Maganin hawan jini ba a yanke shi don an ji sauƙi. Yanar ido aiki ake yi, da yawa su koma suna gani. Hatsi ka saya wa mahaifiyarka da kaka kafin ya yi tsada, kuɗi kuma ya shiga hannunta, kada ya bi ta hannun wani ya maƙale.

Masu zuwa akwatin saƙona suna cewa uwarsu ta cuce su, ban ƙaryata ku ba, akwai raunin da ke daɗewa bai warke ba. Amma umarnin Fitowa 20:12 bai zo da sharaɗin sai uwa ta zama marar laifi ba. Ku kuma da wani mai kiran kansa annabi ya ce tsohuwarku mayya ce ta ɗaure muku arziki, har kuka ɗauke mata ƙafa, ku je wurin fasto da dattawan ikilisiya a zauna. Wannan maganar ba zan yi shiru a kanta ba, ko za ku toshe ni.