Tekun da na kawo Hausari

Wasu daga cikinku da suka zo gidana a Hausari sun ga akwatin gilashin nan da ke falo, sun kuma yi ta tambayata yadda aka yi ruwan teku ya zo Maiduguri, garin da ke da nisan kusan kilomita 1,000 daga teku. To ga labarin.

Ni Bakano ne, kasuwanci ya kawo ni Borno. Kifin da na sani shi ne tarwaɗa da karfasa, sai bandar da ake lodi a Tashar Baga. A wata tafiya Legas ne na ga akwatin murjani mai rai a wani shago, na tsaya sororo kamar baƙauye. Ashe murjanin da iyayenmu mata ke ɗaurawa a wuya ƙashin wata dabba ce ta teku! Daga ranar abin ya shiga raina, har ƙarshen 2020 na sayo akwati mai cin lita 200. Uwargida ta dube shi ta ce, "Maigida, kifin da ba a ci ne za a yi wa wannan hidimar?" Ban iya ba ta amsa ba.

Ruwa aka fara. Gishirin miya ba ya yi, haka ma manda, balle kanwar da ke zuwa daga tafkin Chadi. Akwai gishiri na musamman da ke ɗauke da sinadaran da murjani ke gina ƙashinsa da su, giram 35 a kowace lita, wato wajen kilo 7 ke nan a akwatina. Ruwan burtsatse kuma sai ya bi ta na'urar RO, irin ta masu fiya wata, don abin da ke narke a cikinsa gansakuka yake ciyarwa.

Sai maganar tacewa, inda na fi shan wahala. Da farko na ɗauka soso da famfo ne kawai. Ina! Kifi na fitar da amoniya, ita kuwa guba ce. Masu kawar da ita wasu ƙwayoyin bakteriya ne da ke zaune a ramukan duwatsun da ake jerawa a cikin akwatin. Wasu su mayar da amoniya naitirait, wasu su mayar da naitirait naitiret, wanda bai kai su illa ba, shi kuma ana rage shi da canjin ruwa. Kafin ƙwayoyin nan su yi yawa sai an jira mako huɗu zuwa shida, akwati na ta aiki babu kifi ko ɗaya. Yara suka riƙa yi mini dariya wai ina kiwon duwatsu. Gaskiyarsu ce kuwa.

A ƙarƙashi na ajiye ƙaramin akwati da ruwa ke gangarawa. A ciki akwai skima, na'urar da ke kaɗa kumfa ta kwaso datti tun kafin ya ruɓe. Duk bayan kwana biyu nake zubar da kofinta, warinsa kuwa ba a magana.

Kifi biyu na fara sawa, irin masu ruwan lemo da farin zane na fim ɗin Nemo, da murjani mai laushi guda uku. Ba su yi wata guda ba, a Janairun 2021, aka fasa turakun wutar da ke zuwa daga Damaturu, gari ya faɗa duhu na watanni. Na riƙa tayar da janareta da daddare ina kashewa da rana don tsadar mai. Abin da ban gane ba shi ne, in famfo ya tsaya ruwa ya kwanta, iskar cikinsa ƙarewa take, ƙwayoyin cikin dutse su mutu. Wata asuba na tarar da kifin biyu a kwance a ƙasa, ruwan ya yi fari-fari. Murjanin ya ɗan jure, amma da zafin Afrilu ya zo, ana haura digiri 40 a waje, shi ma ya tafi, don ruwansa bai kamata ya wuce 27 ba. Kuɗin da na binne a nan da ya biya wa yara biyu makaranta na zango, kuma uwargida ba ta ce uffan ba, wanda ya fi mini ciwo.

Shekara guda akwatin na zaune babu komai. Da na sake ɗaura ɗamara, ban fara da kifi ba, da sola na fara: faifai biyu da batir, na famfo kaɗai, ko cajin waya ba a yi da shi. Na kafa ƙaramar fanka tana hura saman ruwan, tana sauke zafin da digiri biyu ko uku. Sai dai tana ƙafar da ruwa, a lokacin hunturu ma abin ya fi muni. Kuma ku lura, ruwa ne ke tashi, gishirin na nan, saboda haka da ruwan RO zalla ake cikawa. Wanda ya cika da na gishiri zai kashe komai a hankali.

Ga wanda ya ce mini zai gwada a Gwange: ka fara auna awa nawa famfonka zai yi babu wutar gari. In bai kai kwana guda cur ba, ka dakata tukuna. In ya kai, zo in ba ka dutse ɗaya daga nawa, zai rage maka jiran makonnin nan.