Jar Biro da Kalmar da Na Yi wa Gurguwar Fahimta

Akwai kalmar Turanci da na yi wa gurguwar fahimta a farkon shigata aikin koyarwa, kuma ɗalibaina ne suka ɗanɗana kuɗar kuskuren. Kalmar ita ce rigour. Abin da ya ƙara wa laifin nauyi shi ne Turancin nake koyarwa, a wata kwalejin horar da malamai, don haka ba ni da uzurin da wani zai iya kawowa.

A ƙa'idar irin waɗannan makarantu, idan an gama makin jarrabawa akan gayyato babban malami daga wata jami'a ya zaɓi wasu takardun ya duba, ya rubuta rahoto. Rahoton da ya zo a kan kwas ɗina gajere ne. Ya yaba tambayoyin, sannan ya ce yadda nake ba da maki ba shi da rigour. Shugaban sashe ya ja layi a ƙarƙashin wurin ya miƙo mini, bai ce uffan ba. Ni ma ban tambaya ba, ina ganin tambaya zubar da girma ce ga malamin Turanci. Na san kalmar daga littattafan adabi da labaran kotu, inda take nufin tsanani da rashin sassauci. Sai na fassara wa kaina rahoton cewa an ce ina da sanyin hannu, ina rabon maki a ɓagas.

Daga zangon da ya biyo baya na ɗaure fuska, na matse hannu. Na riƙa tono tambayoyi daga lungunan da ban tsaya na koyar da su sosai ba. Rubutu ya karkace, in zabtare maki. Waƙafi ya ɓace, in zabtare. Jar birona ta yi suna, ɗalibai suka fara gudun kwas ɗina, ni kuwa ina jin daɗin hakan a raina, ina ɗauka alama ce ta na gyaru.

Akwai wata ɗaliba matar aure, mai goyo, da take zuwa daga wani ƙauye a motar haya. Ranar karɓar aikin gida ta iso ina cikin kulle ofis. Tana haki, goyon ya zame gefe, takardar a naɗe cikin leda saboda ƙura. Ta durƙusa ta ce, "Malam, don Allah ka yi haƙuri, mota ce ta mace mana a hanya." Na ce mata lokaci ya wuce, na zare makulli na tafi. Abin da ban gaya wa kowa ba, kuma ban ma tsaya na tuna ba a lokacin, shi ne a makon da ya gabata na karɓi aikin wani yaro da ya makara fiye da ita, don kawai ya same ni cikin nishaɗi.

Wanda ya buɗe mini ido wani dattijo ne a sashenmu, yana dab da ritaya, dukanmu Baba muke ce masa. Shi aka ɗora wa duba makin cikin gida a wannan zangon. Ya kira ni ofishinsa bayan la'asar, ya ce, "Ɗana, ja kujera." Ya shimfiɗa takardu biyu a gabana, ya rufe sunayen da tafin hannunsa, ya ce in karanta amsar tambaya ta uku a kowace. Na karanta. Hujjoji iri ɗaya, misalai kusan iri ɗaya, kurakuran nahawu ma ba su fi juna yawa ba. Ya ɗaga hannu. Ɗaya na ba ta 7 cikin 10, ɗayar 4.

"Me ya raba su?"

Na rasa abin cewa. Gaskiyar ita ce ɗaya na yi makinta da safe, ɗayar cikin dare da fitilar waya bayan an ɗauke wuta, raina a ɓace. Ya tambaye ni ina jadawalin da na rubuta kafin in fara, wanda ya fayyace kowace hujja maki nawa take ci. Babu. A kaina yake, in ji ni. Baba ya yi shiru jim kaɗan, sannan ya ce mai awon da mudunsa ke girma da safe ya tsuke da yamma ba a kiransa mai gaskiya, ko da kowa yake tauyewa. Ya ce abin da baƙon malamin nan ya nema a wurina ke nan tun farko, mudu ɗaya wanda za a iya nunawa, kuma ni na ƙara wa cutar zafi ne kawai.

A daren na yi abin da ya kamata in yi tun ranar da aka ba ni rahoton. Na buɗe ƙamus na karanta bayanin kalmar har ƙarshensa, maimakon in tsaya a layin farko.

Asalinta Latin ne, daga rigere, wato sandarewa. Ta biyo ta Faransanci ta shiga Turanci wajen ƙarshen ƙarni na 14. Wannan tsohuwar ma'ana tana nan da ranta a bakin likitoci. Rigor mortis shi ne sandarewar gawa, wadda kan fara 'yan sa'o'i bayan rasuwa, daga ƙananan tsokoki na fuska da muƙamuƙi, ta bi jiki, sannan ta saki bayan kwana ɗaya ko biyu. Masu wankan gawa a garuruwanmu sun san wannan ba tare da Latin ba, shi ya sa ake gaggauta ɗaure haɓa da tausasa gaɓoɓi. Haka kuma makyarkyatar da ke kama mai zazzaɓin cizon sauro, har haƙora su riƙa haɗuwa, rigor likita zai rubuta a katinsa.

Daga sandarewar jiki kalmar ta koma sandarewar hali, wato ƙin lanƙwasuwa. Nan ne ma'anar tsanani ta fito. Idan alƙali ya ce za a hukunta mutum da cikakken rigour na doka, yana nufin ba sani ba sabo. Dokar laifuffuka ta Indiya ta 1860 ta kasa ɗauri gida biyu, mai sauƙi da kuma rigorous, wanda ta bayyana da kanta a matsayin ɗauri da aiki mai tsanani. Idan kuma aka sa kalmar a jam'i, rigours, to wahalhalu ake nufi, na sanyin hunturu ko doguwar tafiya ko horon soja. 'Yan'uwanmu na Nijar da suka yi karatu da Faransanci sun san ta a matsayin rigueur, kuma can ma tana ɗauke da wannan fuska: matakan tsuke bakin aljihu da gwamnatin Mitterrand ta juya gare su a Faransa a 1983 da wannan kalma aka san su.

Har a rubutu tana da tarko. Turawan Ingila suna sa harafin u, na Amurka ba sa sawa, al'adar da ƙamus ɗin Noah Webster na 1828 ya taimaka wajen kafawa. Amma ko a Ingila, siffar rigorous da kalmomin likitanci ba su da wannan u a tsakiya.

Ma'anar da na tsallake ita ce wadda malaman jami'a, masu bincike da masu binciken kuɗi suka fi nufi. A bakinsu rigour shi ne bin ƙa'ida ɗaya daga farko har ƙarshe, ba tsallake, ba son rai, ta yadda wani zai iya bin sawunka ya isa inda ka isa. Ita ma daga sandarewar ta fito, sai dai a nan ma'aunin ne ba ya lanƙwasuwa. Ga bambancin da na ɗauki tsawon zango ina tuntuɓe a kansa: a ma'ana ta farko nauyin yana sauka a kan wanda ake hukuntawa, a ta biyu kuwa yana sauka a kan mai yin aikin. Tsanani bai ci mini komai ba, daɗi ma nake ji. Rubuta jadawali, bin sa a takarda ta farko da ta ƙarshe, da komawa in duba kaina, wannan ne aikin da ke da wuya, kuma shi na guje wa ina kiran kaina mai tsauri.

Masana lissafi sun fi kowa riƙe wannan ma'ana da gaske. A watan Yuni na 1993, a Kambirij, Andrew Wiles ya sanar da cewa ya warware matsalar da Fermat ya bari tun wajen 1637, bayan shekara 7 yana aiki a kanta kusan a ɓoye. Jaridun duniya suka ɗauka. Da aka miƙa rubutun ga masu tantancewa, ɗaya daga cikinsu, Nick Katz, ya bi shi layi-layi har ya kai wani mataki da bai tsaya da ƙafarsa ba. Ba wanda ya zargi Wiles da ha'inci, ba kuma wanda ya ce a kau da kai saboda girman aikin. Shi kansa ya amsa cewa akwai giɓi, ya koma ya zauna, tare da tsohon ɗalibinsa Richard Taylor, sai a watan Satumba na 1994 suka toshe shi, aka buga aikin a 1995. Duk lokacin da na tuna wannan labari, amsa giɓin nan a bainar jama'a ne ya fi burge ni, fiye da warware matsalar.

Kuma abin ba baƙo ba ne a wurinmu. Duk wanda ya zauna gaban malamin hadisi ya ji yadda irin su Imamu Buhari suke bin isnadi mutum bayan mutum, suna duba adalcin mai ruwaya da ingancin haddarsa da saduwarsa da wanda ya karɓa daga gare shi. Malamanmu suna kiran irin wannan aiki tahƙiƙi, ba sa kuma rikita shi da tsanantawa. A Hausar yau da kullum ma muna da ƙwaƙƙwafi, bin diddigi, tantancewa, tankaɗe da rairaya a gefe guda, ga tsanani da tsauri da gallazawa a ɗaya gefen. Hausa ta raba abin da Turanci ya haɗa a kalma ɗaya. Da na tsaya na tambayi kaina wace ce daga cikin kalmominmu baƙon malamin yake nufi, da na ga cewa mutumin da ya ɗauki takardu yana gwada su da juna ba zafin hannu yake nema ba.

Na nemi izinin shugaban sashe, na rubuta jadawali, Baba ya duba ya gyara, na sake makin takardun zangon gaba ɗaya da sunaye a rufe. Wasu makin ya ƙaru, wasu kaɗan ya ragu, kuma wannan ragin ya nuna mini cewa ko tsananin nawa ma yana da 'yan gata. Na rubuta wa hukumar makaranta bayanin cewa kuskuren nawa ne, aka gyara sakamakon. Na tsaya a gaban aji na faɗi abin da ya faru, na nemi gafara. Ajin ya yi tsit, sai wani daga baya ya ce, "Allah ya yafe mana baki ɗaya, Malam."

Takardar matar nan mai goyo tana cikin waɗanda suka haye da aka bi jadawali, ko ba a haɗa da aikin gidan da na ƙi karɓa ba. Amma sakamakon farko ya riga ya isa gida, maigidanta ya ga an ce ta maimaita kwas, ya ce kuɗin motar ya isa haka. Ƙila akwai wasu dalilan, sai dai nawa ne ya zo a rubuce da jar biro. Na aika mata da takardar gyaran ta hannun wata 'yar garinsu, tare da ban haƙuri gare ta da maigidan, da roƙon ta dawo. Saƙon da ya dawo shi ne ta yafe, amma karatun ta haƙura da shi.